Tafiya Dubai da jaririya a lokacin zafi

'Yar'uwa, kin tambaya me za ki haɗa daga Birnin Kebbi zuwa Dubai a watan Yuli da jaririya 'yar wata 5. Ki ɗauki rigunan auduga marasa nauyi, hula, katin rigakafi da fasfonta, pampas kuma a jakar hannu. Kada ki ba ta ruwa, kafin wata 6 nono ya wadatar, ki dai yawaita shayar da ita.

Ni abin da ya fi wahalar da ɗana a can sanyin AC ne. Waje zafi ya haura digiri 40, cikin kantuna kuwa kamar hunturu. Ki riƙe ƙaramin bargo da safa. Amma don Allah kada ki lulluɓe kekenta da zani a rana, zafi yake taruwa a ciki.