Amsar tambayarka a kan wa'adi biyu na Amurkawa

Jikana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin jikina ya yi sanyi. Ka ce kun yi gardama da abokanka a makaranta, kana son sanin ko saukar shugaban Amurka bayan wa'adi biyu doka ce ko al'ada, kuma idan al'ada ce, me zai hana mutum ya taka ta. Ƙarshen tambayar ne ya dame ni, domin a zamaninmu yaro ba ya neman sanin abin da zai hana shi taka al'ada.

Mutanen nan sun ɓalle daga mulkin Sarki George na Uku na Ingila a 1776, kuma magabata sun ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Saboda tsoron sabon sarki, gwamnatin tarayyar da suka fara kafawa ko haraji ba ta da ikon karɓa, sai dai ta roƙi jihohi, ga bashin yaƙi ya yi mata katutu. A 1787 wakilai 55 suka taru a Filadelfiya, suka rufe tagogi duk da zafin da ake yi don kada maganarsu ta fita, suka raba iko gida uku, majalisa da shugaba da kotu, kowanne yana taka wa ɗan'uwansa birki. Kada ka ɗauke su waliyyai, domin da yawansu masu bayi ne, kuma wajen rabon kujeru sun ƙirga bawa kashi uku cikin biyar na mutum. Sai da aka zubar da jini a yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin a soke bauta.

A kundin tsarin mulkin da suka rubuta ba su ƙayyade sau nawa mutum zai yi shugabanci ba. Shugabansu na farko, George Washington, ne ya yi shekara takwas, ya tattara nasa ya nasa a 1797, ya koma gonarsa, kuma fiye da shekara 140 ba wanda ya samu wa'adi na uku. Franklin Roosevelt ya karya wannan a 1940, ya sake ci a 1944, ya rasu a kan mulki, sannan a 1951 aka mayar da al'adar doka.

Wannan ya tuna mini wani dare a watan Agustan 1974. Ina sabon malamin makaranta, na zo gida hutu, ruwa ya ɗauke bayan isha'i, muna zaune a zauren mahaifina, Allah ya jiƙansa, mun kewaye rediyonsa mai batir wanda yake lulluɓewa da ƙyalle saboda ƙura. Sai aka ce shugaba Nixon ya yi murabus. Baba ya ajiye carbinsa a kan buzu, ya tambaye ni wane soja ne ya cire shi, domin mu a Najeriya a lokacin shekararmu takwas ke nan a hannun soja. Na ce ba soja, alƙalai ne suka umarce shi ya miƙa faya-fayan maganganun da ya naɗa a ofishinsa, kuma uku daga cikinsu shi da kansa ya ba su alƙalancin. Ya ce, "Kuma ya miƙa?" Na ce ya miƙa. Ya daɗe bai ce uffan ba, har shayinsa ya huce, sannan ya ce, "Ashe suna da kunya." Ya ƙara da cewa kakanmu yakan ce igiya ke ɗaure akuya, mutum kuwa kunyarsa ke ɗaure shi.

Ni a lokacin da ɗanyen kai, na yi ta yi masa bayanin sassan doka kamar ina gaban aji, shi kuwa yana ta murmushi. A 1979 muka aro tsarin nan nasu, har da majalisar dattawa, na yi murna ƙwarai, amma a ƙarshen 1983 soja suka sake naɗe tabarmar. Baba bai kai wannan ranar ba, kuma har yau ina nadamar surutun da na cika shi da shi maimakon in saurare shi.

Ku yanzu komai sai kun duba a waya ko an rubuta hukuncinsa kafin ku bari. Ka gaya wa abokan naka doka ce tun 1951. Sauran maganar kuwa, ka zo da hutu mu yi ta a zaure, rediyon yana nan ko da yake ya daina kamawa.