Me ya sa gidajen Detroit suka yi arha haka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko da gaske ne ana sayar da gida a birnin Detroit na ƙasar Amurka kan dala 1,000, kuma me ya karya garin. Na daɗe a Hamtramck, ƙaramin garin da ke tsakiyar Detroit, ina aiki a wata masana'antar kayan mota.

Maganar gidan gaskiya ce. Akwai hukumar da ke riƙe da gidajen da masu su suka gudu suka bari, tana gwanjonsu, tayi yana farawa daga dala 1,000. Amma gani ya kori ji. Na raka wani abokina duba ɗaya: rufi ya rufta, ɓarayi sun yashe wayoyin wuta da bututun ruwa, ga bishiya ta tsiro ta tagar kicin. Kuma sai ka sa hannu za ka gyara cikin 'yan watanni, in ka kasa a karɓe.

Garin nan mota ce ta gina shi. A 1914 Henry Ford ya fara biyan lebura dala biyar a rana a masana'antarsa ta motoci da ke Highland Park, wani ƙaramin gari a cikin Detroit, fiye da ninki biyu na abin da ake biya a da. Jama'a suka yi ta tururuwa: 'yan Poland, Larabawan Siriya da Labanan, da baƙar fata masu gudun wariya daga jihohin kudancin ƙasar. Tun 1921 aka gina masallaci a Highland Park ɗin. A 1950 mutanen Detroit sun kai kusan miliyan 1.85; a ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba.

Za ka ji ana cewa tarzomar 1967, wadda ta ci rayuka 43, ita ta kashe garin. Ni ban yarda ba, haka ma tsofaffin da na tarar a wurin aiki. Tun shekarun 1950 kamfanoni suka fara kwashe masana'antu zuwa bayan gari da wasu jihohi, injuna kuma suna cinye aikin mutane. Aka rushe Black Bottom da Paradise Valley, unguwannin baƙar fata, aka shimfiɗa babban titi a wurin. Farar fata suka bi irin waɗannan tituna suka koma bayan gari da harajinsu, baƙar fata kuwa ba a sayar musu da gida a can, banki ma ba ya ba su rance. Har yau akwai katangar da aka gina a 1941 kusa da titin Eight Mile don raba unguwar farar fata da ta baƙar fata; yanzu an yi mata zane-zane, yara na wasa a gefenta. Tarzomar ƙara wa masu gudu sauri kawai ta yi. Masu biyan haraji suka ragu, tituna da fitilu da kuɗin fansho kuwa suna nan, har birnin ya ayyana fatara a 2013 da bashin dala biliyan 18.

Tsakiyar gari ta farfaɗo, ba ƙarya. Tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central da aka rufe a 1988, kamfanin Ford ya saye ta, aka sake buɗe ta a 2024. Nan Hamtramck kuwa 'yan Yaman da Bangaladash sun cika gidajen 'yan Poland, tun 2004 ake kiran sallah da lasifika. Amma ka yi tafiyar minti goma a mota, za ka ga layi guda gida biyu ne da mutane, sauran duk ciyawa.

In sayen kake so, tura wanda ka amince da shi ya gano maka layin da idonsa, ya kuma binciko ko akwai bashin haraji ko na ruwa a kan gidan.