Layin shiga Rauda ya koma cikin waya

Malam, ka tambaya ko mu Hausawan da muka daɗe a Madina muna da hanyar shigar da baƙonmu Rauda, wurin nan da ke tsakanin kabarin Annabi (SAW) da mumbarinsa a masallacinsa, ba tare da ya jira ba, tunda a cewarka ɗan gari ba ya rasa ƙofa. Wannan ƙofar dai ba mu da ita, ko da kakan mutum yana cikin waɗanda suka iso Hijaz bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka yi da Turawan mulkin mallaka.

A da, jama'a kan taru har askarawa su buɗe shinge, mai ƙarfi ya kutsa, tsoho kuwa sau da yawa ya koma masauki da haƙuri. Abin ya sauya a 2020, lokacin da aka dawo da Umra bayan rufewar korona, aka fito da manhajar Eatmarna, wadda daga baya Nusuk ta maye gurbinta. Yanzu a waya ake zaɓar rana da sa'a, lokacin maza daban, na mata daban, sannan a nuna wa askari alamar izini a harabar masallaci, a shigar da mutane rukuni-rukuni, kuma kafin mutum ya gama nafila da addu'arsa an fara cewa a ba na baya wuri. Mu mazauna mun saba da wannan tsari da muke kira mau'idi, domin a manhajar Absher muke neman rana idan muna da hulɗa da ofishin jawazat, wato na fasfo da shige da fice, a banki kuma lamba ake cira a zauna.

Girmama baƙo bai gushe ba, sai dai aikin ya koma hannun yaranmu. Da zarar bizar dattijo ta fito, yaron gida zai yi masa rajista, ya riƙa duba manhajar dare da rana har gurbi ya buɗe, ran shiga kuma ya raka shi da wuri, domin wanda ya makara ba a sauraren uzurinsa. A ganina tsarin ya yi wa masu rauni adalci, ko da yake nakan tausaya wa tsohuwar da ta zo daga ƙauye da ƙaramar waya, ba ta da kowa a garin.

Saboda haka, kafin ka baro Kano ka turo lambar fasfo da ta biza, kuma ka zo da wayar da ke riƙe caji.