Kukan barin gidan farko ba ciwo ba ne

Ƙanwata, sau biyu na karanta tambayarki. Kin ce za ku tashi daga ɗan gidan hayar da kuka fara zama ke da maigidanki zuwa wanda ya fi shi girma, kowa yana yi muku barka, amma ke da kin fara ɗaure kaya sai hawaye, har kina tambaya ko lafiyarki ƙalau. Lafiyarki ƙalau. Ni ma na yi wannan kukan, kuma gidan da na yi wa kukan ko kyauta aka ba ki sai kin yi shawara kafin ki karɓa.

Ciki da falo ne, sai ɗan kicin da in na tsaya a tsakiya na miƙa hannuwa sai in taɓa bango da bango. Shekara 6 muka yi a ciki. Mun shiga da katifa, da tabarma, da kujera guda ɗaya tal, wadda muke yi wa rige-rige kamar yara. Wanda ya rasa sai ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar wanda ya samu.

Daminarmu ta farko ce ta nuna mana halin rufin. Wuri uku yake yoyo, ɗaya daidai kan katifa. Da hadari ya haɗu kowa ya san aikinsa: shi ya ja katifa gefe, ni in jera bokiti da baho da tukunya. Kowanne da irin ƙararsa, har mukan kwanta a duhu muna canki-canki wanne zai fara cika. Baban yara ya hau sama ya fi sau biyar yana liƙe daidai saitin inda ruwan ke ɗiga, a banza. Sai da wani kafinta ya zo ya nuna masa cewa ruwan ta ramin ƙusa yake shiga can sama, ya biyo katakon rufi ya gangaro, sannan ya ɗigo a wani wuri dabam. Ranar na yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa har yau cewa yake saura kaɗan ya gano da kansa.

Amma abin da na fi kewa ƙofar falon ce. Ta katako ce, da damina sai ta sha laima ta kumbura ta ƙi buɗuwa, sai rani ya shigo ta bushe ta koma daidai. Don haka in ya dawo da dare akwai ƙara uku da nake jira: makulli, kafaɗa, sannan ya ɗan harbi ƙasan ƙofar da ƙafa. Ko barci ya fara ɗaukata, da na ji na ukun sai hankalina ya kwanta. A gidan da muke yanzu yakan shigo, ya cire takalmi, ya yi wanka, ban ma san ya dawo ba.

To a nan na gane abin da na yi wa kuka. Ƙanƙantar gidan ce ta hana mu nisa da juna. In mun yi faɗa, ina za ni? Babu ɗakin da zan shiga in kulle. Duk fushina, kafin a yi awa ɗaya dole in ce "ɗan matsa in wuce", kuma wanda ya ce matsa ai ya riga ya yi magana, gaba ta karye. Bayan mun koma babban gida mun taɓa kwana biyu cur ba mu ce wa juna uffan ba, saboda wuri ya ba mu dama. Abin ya tsorata ni, sai da muka zauna muka yi maganarsa.

Kada ki ɗauka daɗi zalla muka sha. Akwai zafin da ke hana barci, akwai maƙwabcin da rediyonsa ba ya hutawa, akwai ranar da baƙi suka kwana muka rasa inda za mu sa kanmu. A lokacin kullum addu'ata Allah ya fitar da mu. Zuciya ce ke tankaɗe, ta zubar da tsakuwa ta riƙe gari.

Kafin ku miƙa makulli, ki ɗauki hotuna, kuma ba na falo a gyare kaɗai ba. Ki ɗauki lungun da kike jin kunyar baƙo ya gani, da tsagewar bango, da abin da ake hangowa ta taga. Ni wannan ne kuskurena. A jikin ƙofar ɗaki muke auna tsayin 'yarmu ta fari da fensir, layi bakwai ne, kowanne da kwanan wata a gefe, kuma ban kwafe su ko a takarda ba. Bayan wasu shekaru na bi ta unguwar na roƙi matar da ke ciki ta bar ni in leƙa. An yi sabon fenti, layukan sun tafi. Gidan kuma ya yi mini ƙanƙanta ƙwarai, har na tsaya ina mamakin yadda muka yi muka shige.

Kuma ki tambayi maigidanki, kada ki ga bai ce komai ba ki zaci ke kaɗai ce. Nawa ranar tashi fuska a sake yake ta loda kaya a mota, har yana tsokanata. Amma mun kai wata uku a sabon gida, kullum ya dawo da dare sai na ji ya harbi ƙasan ƙofa, alhali ta ƙarfe ce, da ɗan yatsa ma tana buɗewa.