Hawan jini, ƙoda da shanyewar ɓarin jiki: Likita ya amsa

Salamu alaikum, ga uku daga cikin tambayoyin da suka taru wannan satin.

Wani bawan Allah daga Mabera ya ce: "Likita hawan jini gare ni shekara 6, an yi man gwaji aka ce ƙodata ta hwara rauni wai in kiyayi shanyewar ɓarin jiki, to mi ya haɗa ƙoda da kai?"

Malam, jijiyoyin jini ne suka haɗa su. Ƙoda da ƙwaƙwalwa duk cike suke da ƴan siraran jijiyoyi, jinin da ke bugawa da ƙarfi yana cin su tare, shi ya sa in muka ga ƙoda ta taɓu mukan ce to can sama ma da wuya a ce lafiya lau. Kuma ƙodar da ta gaji sai ta riƙe gishiri da ruwa, jinin ya ƙara hawa, ya dawo ya ƙara cin ta. Duba takardarka ka nemi eGFR, wato awon da ke nuna yadda ƙoda ke tace jini, in ya zauna ƙasa da 60 har wata 3 shi ne ciwon ƙoda mai daɗewa. A auna fitsari ma ko yana zubar da furotin. Abin haushin, ƙoda ba ta kuka da wuri, mutum na yawonsa a kasuwa garau alhali ta yi nisa, don haka kar ka jira sai ƙafa ta kumbura.

Hajiya daga Arkilla ta ce gwiwa ke damunta, kullum sai ta sha diclofenac, ga hawan jini, ga jiƙon da ƙawarta ta kawo mata.

Hajiya don Allah a ajiye diclofenac ɗin nan, shi da ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda kuma suna ɗaga hawan jini, balle a zafin Sakkwato na Afrilu da ake wuce digiri 40 jiki na tsiyayar da gumi. Farasitamol ya fi sauƙi, a je a duba gwiwar. Jiƙon kuwa ni dai ba na yarda da abin da ban san me aka zuba a ciki ba. Gishiri kar ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma har da magi a lissafin, nan ne mata ke cewa "ai ni ba na sa gishiri".

Wani ɗalibi daga Runjin Sambo ya ce bakin babansu ya karkace da asuba magana ta sarƙe, bayan minti 20 ya warware, wasu na cewa iska ce.

Ɗana, wannan gargaɗi ne, babbar shanyewa kan iya biyo baya cikin ƴan kwanaki. Ku kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) yau ɗin nan, a yi hoton kai a auna ƙoda da suga, ku tafi da kwalayen magungunansa duka. Addu'a a yi ta a mota. In ya sake faruwa kar a ɗura masa ruwa ko magani a baki, zai iya shaƙewa.