Ƙurajen wuya bayan aski da reza

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi injin reza mai baki biyu a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, amma duk askin da ka yi sai ƙuraje sun feso maka a wuya. Ni ma na sha wannan. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa sosai, sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata.

Fara jiƙa gemun da ruwan ɗumi kamar minti 3. Jiƙa burushi, ka murza a sabulun aski har kumfar ta yi kauri. Sabulun salo, wanda Asantawa ke kira alata samina, yana busar min da fuska, balle da hunturu.

Kada ka danna, nauyin injin ya isa. Bi yadda gashin ya kwanta, kuma na wuya yakan kwanta ta gefe, sai ka shafa da yatsa ka ji. Kada ka ja fatar don neman santsi, nan ne yawancinmu muke cutar kanmu. Canza reza bayan aski 3 ko 4, kada ka ara wa kowa. Bayan ka gama, ruwan sanyi da ɗan man kaɗanya.

Yanzu dai bar gemun ya huta sati 3. In ƙurajen suna ruwa ko suna zama tabo mai tudu, je ka ga likitan fata a asibitin Komfo Anokye.