Shin 'Yan Gurguzu Duk Bakinsu Ɗaya Ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A majalisarmu ta Mabera wani ya dage cewa aƙidar gurguzu iri ɗaya ce a ko'ina, ni kuwa na musa. A raba mana gardama. Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

Amsa: Ɗalibi, gaskiya tana wajenka. Abin da ya haɗa su shi ne ƙin tsarin jari-hujja da ke tara arziki a hannun 'yan tsiraru, amma hanyar gyara ta raba su.

Masanan Jamus Marx da Engels, a 1848, sun ce sai ma'aikata sun ƙwace mulki da masana'antu, kuma a kan wannan Lenin ya gina juyin juya halin Rasha na 1917, inda jam'iyya ɗaya ta riƙe komai. Tun da wuri Bakunin, ɗan gwagwarmaya daga Rasha, ya yi gargaɗin cewa gwamnatin ma'aikata ita ma za ta rikiɗe ta zama danniya, kuma saɓaninsa da Marx ya kai ga korarsa daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a 1872. Bernstein kuwa, a Jamus, ya ce ƙuri'a da ƙungiyoyin ƙwadago za su kawo sauyi sannu a hankali.

A Tanzaniya, Shugaba Nyerere ya ɗora tsarinsa na gurguzu mai suna Ujamaa kan Sanarwar Arusha ta 1967, yana kafa hujja da aikin gayya na ƙauye, sai dai tilasta wa manoma ƙaura zuwa sababbin ƙauyuka ya jawo musu wahala ƙwarai. A ganina jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta fi kusa da masu bin ƙuri'a, domin ta fagen zaɓe ta yaƙi zaluncin En'e, wato hukumar sarakuna, a kan talakawa.